Ramukan Ƙubbar Masallacin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin wadda ta kamaci ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya lau, kai da Anti da yaran gaba ɗaya. Allah Ya tsare ka a saman waɗannan dogayen benaye da kuke ginawa, Ya sa kullum ka hau lafiya ka sauko lafiya, Ya sa wa guminka albarka. Hoton da ka turo kana tsaye a hawa na can ƙoli da hular kwano a kanka, Inna kallo ɗaya ta yi masa ta kife wayar, ta ce kada a sake nuna mata, jiri take ji. Amma duk baƙuwar da ta shigo gidan sai ta sa an ɗauko wayar an nuna mata.

Mu nan muna lafiya, alhamdulillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da aka canja mata magani, har tana iya tsugunawa ta duba wa kajinta ruwa, ko da yake miƙewar ce aiki. Maigidana yana gaishe ka, shagon yana tafiya a hankali. Takwaranka ya fita da haƙoran gaba, yanzu in ya yi dariya sai ka ga ƙofa a buɗe, kuma ya ce in gaya maka har yau yana jiran keken da ka yi masa alkawari. 'Yar Baba ta shiga aji na gaba, bakinta kuwa ya fi nawa, ka san ba ƙaramar magana na faɗa ba. Ni ma makaranta tana nan yadda ka san ta, allo da alli da ciwon maƙogwaro.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Wallahi na sha ɗaukar wayar in ajiye. In na kira ka daga gida, Baba yana kusa, kunnensa kuwa da ake cewa ya yi nauyi yana jin motsin kyanwa a bayan ɗaki. In na kira ka daga makaranta, kai kana cikin ƙarar injin kwaɓa siminti, ina ihu kana ihu. Kuma maganar ba irin ta tsaye ba ce. Kwanakin nan ba na iya zama wuri ɗaya, Yaya. In na zauna zan duba littattafan yara sai in tsinci kaina a bakin ƙofa, in na ɗora tukunya sai in manta na ɗora. Wannan takardar ma na fara ta na yage, na sake farawa na yage, har maigidana ya ce in dai zan ƙarar da takardun makaranta ne gara in rubuta ko mai muni ce. To ga mai munin nan, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci.

Maganar ita ce, kwamitin masallaci zai zauna a ƙarshen wata mai kamawa, kuma abin da za su zauna a kai shi ne sauke Baba daga limanci. Su suna cewa hutar da shi za a yi. Dalilinsu kuwa, Baba ya fara tuntuɓe a karatu. Ka sake karanta layin nan, don ni ma da na fara ji da kunnena ban yarda ba. Baban da ya bi da mu karatu da idonsa a rufe, yana kishingiɗe kamar mai barci amma ka tsallake wasali ɗaya sai ka ji gyaran murya, shi ne yanzu yake tsayawa a tsakiyar aya yana laluben ta gaba, har sai Ladan ya ɗora shi. An daɗe ana haka, tun ba da jimawa ba bayan komawarka. Mun ɓoye maka ne don Inna ta ce mutum a ƙasar wasu ba a tura masa abin da ba zai iya gyarawa ba.

Ka tuna yadda masallacin nan yake da muna yara? Ka shigo ta ƙaramar ƙofar nan da dogo sai ya sunkuya, ka sauka matakalar da ƙafafun mutane suka cinye tsakiyarta, sai sanyi ya buge ka ko da rana ta take a waje. Ga ginshiƙan nan da babu biyu masu kama da juna, wani siriri mai santsi, wani gajere an ɗora masa dutse a ƙasa don ya kamo tsawon 'yan'uwansa. Muna ɓuya a bayansu har Ladan na wancan lokaci ya kore mu da carbi. Mu mata can baya muke, bayan shingen katakon nan mai huje-huje, nesa da liman iyakar nisa. Amma in Baba ya ta da kabbara, ba tare da ya ɗaga murya ba, sai ka ji kamar a gefen kafaɗarka yake tsaye. Har numfashin da yake ja tsakanin aya da aya muna ji. Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka baiwar muryarsa ce kawai, kuma ina taƙama da haka a cikin ƙawayena.

Yanzu ba haka ba ne. In ya karanta, kalmar farko tana tashi sama ta bugi ƙubba ta dawo, ta tarar da ta biyu a hanya, su haɗu su cakuɗe. Mu a baya sai dai mu ji gunji, ba ka raba harafi da harafi. Tsofaffin mata suna ta miƙa wuya suna leƙen sahun maza ta hujin katako don su san an yi ruku'u. Shi kuma a gaba, muryarsa ce take dawo masa a makare ta shiga bakin wadda yake fitarwa, kamar a ce kana magana wani yana kwaikwayonka a bayanka. Kwamiti suka ce a ƙaro lasifika, aka ƙaro, abin ya ƙara dagulewa, gunjin ya ninka. Sai maganganu suka fara yawo a bakin famfon alwala. Wannan ya ce shekaru ne, wancan ya ce kunne ne, wani ma da ba ya tsoron Allah ya ce ai haddar ce ta fara zubewa. Da kunnena na ji matar mai gyaran agogo tana faɗa wa wata cewa Malam ya kamata ya san lokacin da ake naɗe tabarma. Na juya na kalle ta har sai da ta gyara mayafi.

A gida kuwa ba abin da ba mu yi ba. Mun kai shi asibiti aka duba kunne, likita ya ce kunnensa ya fi na wasu samari. Aka duba maƙogwaro, lafiya. Inna ta bi shi da zuma da ruwan ɗumi safe da yamma har ya ce ta mayar da shi jariri. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a zaure in yana bi da ɗalibansa, karatu yake zubawa tiryan-tiryan babu gargada ko ɗaya. Sai ya tsaya a gaban sahu abin yake zuwa. Da na tambaye shi, sai ya ce tsufa ba ya sallama kafin ya shigo. Ya rage cin abinci, rigunansa sun fara yi masa yawa a kafaɗa. Kawu, ka san shi ne shugaban kwamiti yanzu, ya zo gida ya zauna gaban Inna yana share hawaye da hular hannunsa, ya ce shi ma ba a son ransa ba ne, amma jama'a sun fara tsallaka titi zuwa sabon masallacin gidan mai, kuma salla amana ce. Ban ji haushin Kawu ba, gaskiya ya faɗa.

Ana cikin haka sai ga wata baiwar Allah daga jami'a, malamar zanen gine-gine, ta zo da takardar izini za ta auna masallacin don wani bincike da take yi kan tsofaffin gine-gine. Yaran unguwa suka sa mata Mai Awo, don kullum tef yana rataye a wuyanta, sunan kuma ya bi ta. Da yake ta ɓangaren mata take ajiye kayanta, muka saba. Yaya, na ji kunya, ni da nake koyar da tarihi a aji, ashe ban san tarihin inda nake sa goshina ba. Ta ce ginin ya haura shekara ɗari shida, fatake ne suka fara kafa shi a lokacin da unguwarmu take bakin gari, inda ayari yake sauke kaya. Ginshiƙan da muke yi wa dariya, daga wani rusasshen gini da ya girmi masallacin aka kwaso su, shi ya sa kowanne da kamarsa. Ta nuna mini inda dutse ya ƙare tubali ya fara a bangon arewa, ta ce nan ne shaidar gobarar da ta taɓa cinye rufin, aka sake ɗora shi. Ta nuna mini yadda kowane baka da ke tsakanin ginshiƙai yake miƙa nauyin ƙubba ga na kusa da shi har ya sauka ƙasa, ba ƙarfe ba siminti, sai farar ƙasa da yashi da lissafin mutanen da ko sunansu ba a sani ba. Hasumiyar ma da muke cewa ta karkace, ta ce tun ana ginin ƙasa ta zauna, maginan suka lura, suka gyara saman ya koma daidai, shi ya sa take da ɗan lanƙwasa a tsakiya.

Ranar da abin ya fito, ta tsaya a tsakiyar masallaci tsakanin azahar da la'asar, babu kowa sai ni da mai shara, ta tafa hannu sau ɗaya ta saurara. Sai na ga ta ɓata fuska. Ta ce wannan ɗaki bai kamata ya amsa haka ba. Ta ɗaga fitila ta haska cikin ƙubba, sai ga tabo-tabo masu ruwan toka a jere, zagaye da ƙubbar, da wasu a saman mihrabi, inda liman yake tsayawa. Ta tambaye ni ko da can akwai ramuka a wurin. Na ce ƙwarai, ramukan tsuntsaye ne, an toshe su. Sai ta zauna a kan tabarma. Ta ce ba ramukan tsuntsaye ba ne, bakin tuluna ne. Maginan farko tulunan ƙasa suka binne a cikin ginin, a kwance, cikinsu a ɓoye bakinsu yana kallon masallata. Aikinsu shi ne su shanye rarar sauti, don kada murya ta yi ta kai da kawo tsakanin bango da bango. Abin da ya rage shi ne yake isa kunne a wanke. Ta kai ni ɗakin ajiyar tabarmi inda wani gefen bango ya zube tun tuni, ta haska, sai ga cikin tulu ja, da shatar yatsun wanda ya gina shi har yanzu a jiki. Na sa yatsana a cikin shatar, ya zauna daidai. Sannan ta tambaye ni wane ne ya toshe su, ni kuma na ce mata ban sani ba.

Ka san na sani, kai ma ka sani. Ba sai na tuna maka ba, amma bari in faɗa yadda ni na gan shi, don ka san ban manta ko kaɗan ba. Ka tafi ne kuna fushi da Baba, shi yana son ka zauna ka gaje shi a zaure, kai kuma hannunka yana ga cokalin gini. Shekaru ya yi ba ya ambatar sana'arka, in an tambaye shi sai ya ce kana can kana neman abinci. Da ka zo hutun nan, ka ji yana ƙorafin tsattsewa sun addabe shi, suna sheƙa a ramukan sama suna zubo masa kashi a rawani yana tsakiyar salla, har wata rana sai da ya sake wanka kafin Juma'a. Ba wanda ya roƙe ka. Kai ka nemo ƙarafan hawa, ka kwaɓa simintinka, ka ƙarar da hutunka a sama kana ɗaɗɗaure da igiya, ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ka shafe su sumul. Jama'a suna wucewa suna sa maka albarka, ni ma ina cikin masu kawo maka ruwa ina yi maka tsiya cewa ka zama jemage. Ranar da ka gama, Baba ya miƙe bayan sallar Juma'a ya riƙe hannunka a gaban kowa, hannun duk ya farfashe da siminti, ya ce wannan ɗansa ne, magini ne, kuma yana alfahari da shi. Ina bayan shinge ina kallonka ta huji, na ga yadda ka sunkuyar da kai kafaɗunka suna rawa. Inna ta ce tun da ta haife ka ba ta yi barci mai daɗin na ranar ba.

Mai Awo ba ta da surutu, ba ta sake tambayata ba. Ta je wurin Kawu ta nemi izinin buɗe waɗanda ke saman mihrabi kawai, a gwada a gani. Kawu ya yarda, ya ce in dai ba za a rushe musu masallaci a ka ba. Aka kafa ƙarafan hawa, ta hau da kanta da 'yar guduma, tana ƙwanƙwasawa a hankali kamar mai fasa ƙwai, don kada bakin tulun ya tafi tare da simintin. Dole in faɗa maka, ta yaba aikin. Ta ce duk wanda ya yi shi ya san hannunsa, don ta sha wuya kafin ya saki. Kafin la'asar ta buɗe layin gaba ɗaya, ta zaro tsofaffin sheƙu da ƙura. Da magariba na zo na tsaya a wurina na kullum. Baba ya yi kabbara ya fara Fatiha. Yaya, ba zan ce maka ya koma yadda yake da ba, don na ƙubba suna nan a toshe. Amma na ji harafi. Na ji inda aya ta ƙare da inda wata ta fara. Ya ɗauko doguwar sura, irin wadda ya daɗe da daina ɗaukowa, ya kai ta ƙarshe Ladan bai buɗe baki ba. Tsohuwar da ke gefena ta damƙe mini hannu muna cikin salla, ni kuwa hawaye har cikin wuyan hijabina. Na koma gida ina ji kamar in yi guɗa a titi.

Washegari da hantsi, na fito tara a makaranta na ce bari in leƙa in gaishe da Mai Awo. Na tarar da ita tsaye a gaban mihrabi ta rungume hannu tana kallon sama. Ramukan nan da ta buɗe jiya, duk an mayar an toshe. Simintin ɗanye ne, ko bushewa bai yi ba, kuma aikin ba kyau, an daddanna shi ne da hannu, har ya zuzzubo a bango. Mai shara ya rantse bai ga kowa ba, ya ce shi dai bayan an watse daga asuba ya tafi kai jikarsa makaranta. Mai Awo ta ce wataƙila wani ne a kwamiti da ba ya son a taɓa ginin. Ni kuwa na wuce gida kai tsaye. Na sami Inna a bakin famfo da farar rigar Baba a hannu, ta tsaya ba ta tsoma ta a ruwa ba. Ta miƙo mini hannun rigar. Ya yi tauri da siminti har gwiwar hannu, gaban rigar kuma da tsatsar ƙarfe layi-layi, irin wadda ke kama mutum in ya manna ƙirjinsa yana hawa. Mutumin da ya haura saba'in, wanda sai ya dafa bango yake saka takalmi, shi ya hau wannan tsayin shi kaɗai da bokiti.

Na shiga zaure na same shi yana yanke farce, yana ƙoƙarin ciro abin da ya maƙale a ƙarƙashinsu. Allah Ya yafe mini, ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na tambaye shi ko so yake ya faɗo ya mutu ya bar mu da abin faɗa. Na ce masa ba tsufa ba ne, ba kunne ba ne, ba hadda ba ce, tuluna ne, kuma jiya kowa ya ji da kunnensa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in zauna. Ya ce shi bai san da wasu tuluna ba sai jiya, amma ya san ɗakin ya canja tun magaribar farko bayan ka sauko, kana tsaye a bayansa a sahun gaba kana ƙamshin sabulu. Ya ce yana yin kabbara ya ji muryarsa ta dawo masa baƙuwa, kuma nan take ya gane daga ina abin ya zo. Ya ce ya auna a ransa. In an ce liman ya tsufa, ba a yi masa ƙarya ba, ko yau ko gobe zai tsufa. Amma in aka buɗe ramukan nan murya ta dawo, duk wanda ya sa maka albarka zai tuna wanda ya toshe su, kuma har jikokinka za a riƙa nuna su ana cewa kakansu ne ya kashe muryar masallacin da ya shekara ɗaruruwa yana magana. Ya ce ya ɓata shekaru yana rage maka daraja a kan sana'arka, sau ɗaya tak ya tsaya gaban mutane ya ba ka abinka, ba zai tsaya yana kallo a karɓe ba. Na ce to jama'ar da ba sa jin karatu fa, su ba su da hakki? Nan ne ya tsayar da yankan farcen. Ya ce wannan ita ce tambayar da take hana shi cin abinci, shi ya sa ma ba zai yi jayayya da kwamiti ba, gara su kawo yaro mai ƙarfin murya. Na ce masa yaron ma haka ɗakin zai yi masa. Sai ya ci gaba da yanke farcensa.

Yaya, ina jin haushinsa kuma ina jin tausayinsa, har ban san wanne ya fi yawa ba. Kuma kada ka kuskura ka karanta takardar nan ka ce ƙanwarka ta ɗora maka laifi. Duk unguwar nan, da malamanta da tsofaffinta da ni mai koyar da tarihi, ramukan tsuntsaye muke ce musu. Da ni ce na iya hawa, da ni na toshe. Kai ka ga kashin tsuntsu a rawanin ubanka ka kasa haƙuri, shi ke nan laifinka. Amma Baba ya yi kuskure a lissafinsa, don abin ba zai ɓoyu ba. Mai Awo za ta rubuta abin da ta gani, aikinta ne, kuma ba zan roƙe ta ta yi ƙarya ba. Ta ce za ta sake buɗewa in kwamiti ya yarda, har ta ce ana iya sa 'yar raga a bakin kowane tulu, sauti ya shiga tsuntsu bai shiga ba. Ni kuma na san in ta buɗe sau goma, sau goma tsohon nan zai hau. Na roƙi Kawu ya sa a kwance ƙarafan, na ce masa yara ne nake tsoron su hau, an kwance. Amma akwai tsani a ɗakin ajiya, kuma mabuɗin yana aljihun Baba. Duk sanda na ji wayata ta yi ƙara ina aji, sai in ɗauka za a ce mini ya faɗo.

Ga abin da nake roƙonka, kuma ban taɓa roƙonka abu mai nauyinsa ba. Ba aike nake so ba, ba kuma ka kira Kawu ku shirya a bayan Baba ba. Ka nemi hutu ka zo kafin kwamiti ya zauna. Na san ba a ba ku hutu da sauƙi, na san hanya da nisa, na san Anti tana da nata nauyin. Amma na juya maganar nan ta kowace fuska, ban ga wata ƙofa ba. In baƙuwa ta buɗe ramukan, an tona asirin ɗansa ne. In kai ka hau da gudumarka da rana tsaka, ka ce wa jama'a da bakinka ka gano abin da magabata suka binne a nan kuma ka zo ka mayar da shi yadda yake, to magini ne ya dawo ya ƙarasa aikinsa, kuma Baba zai iya tsayawa a ƙasa ya riƙe maka tsani. Babu hannun da zai bari ya taɓa simintin nan sai wanda ya shafa shi. In zuwan ya gagara sam, to ka kira shi ka faɗa masa ka sani, ka ce kai ne kake so a buɗe. Amma ka san Baba da waya, zai ce maka layin ba kyau.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata na ga saƙon turaren, Allah Ya saka da alheri. Ka shafa mini kan Babban Mutum da Ƙaramar Inna da jaririn da har yau ban ɗauka ba. Inna tana gaishe ku, ta san ina rubuta takardar nan, ba ta ce in rubuta ba kuma ba ta hana ni ba, rigar dai har yau ba ta wanke ta ba, tana ninke a ƙasan akwatinta. Goggo tana gaisuwa, Kawu ma haka, da Ladan, da maƙwabcinmu mai gyaran keke da kullum sai ya tambaye ni yaushe injiniya zai dawo.

Da zan fito ɗazu na ce wa Baba akwai mai tafiya wajenku, ko yana da saƙo. Ya ce in gaishe ka, in ce yana sa maka albarka. Har na kai bakin ƙofa ya sake kirana, ya ce in gaya maka aikinka yana nan daram, ko tsagewa bai yi ba, tsuntsu ko ɗaya bai sake shiga ba. To na isar da saƙo, Yaya. Ka zo.

Wassalam,
Ƙanwarka mai bakin nan,
Auta